Abu Shanab da Tsohuwa

Fikri mai aski ya ƙwanƙwasa ƙarfen jirgin ruwan da bayan hannu, ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana. Bai san abin da yake saurara ba, amma ya gyaɗa kai don mai jirgin ya gani.

Sau biyu ana cutarsa a ciniki, kuma duk garin Damanhur ya sani. Ya taɓa sayen jaki mai tafiya da baya, ya taɓa sayen injin matse rake da ba ya matse komai sai yatsu. Yau da safe matarsa Nawal ta cire awarwaronta na zinare ta miƙa masa, ta kira shi da sunan ɗansu kamar yadda ta saba.

"Ka sayi jirgin jan naka, Abu Adil, ka huta da kawunan mutane. Amma wallahi aka sake yi maka wayo, a gidan babana za ka same ni."

Tsoron wannan magana ya fi tsoron ruwa a zuciyarsa, alhali ko iyo bai iya ba.

Jiragen biyu ne a bakin hanyar ruwan Mahmudiyya, an ɗaure su kafaɗa da kafaɗa, yadda masu ja ke yi in hanya ta matse. Abu Shanab shi ne jirgin jan, wato mai jan wasu jirage, gajere mai faɗin ƙirji, fentinsa ja da baƙi. Ɗayan kuwa jirgin dako ne na katako tun zamanin kakanni, ya lanƙwashe a tsakiya, kaji na yawo a kansa. Tsohuwa ake ce masa.

Rayyis Mitwalli, mai jiragen, ya sauka da Fikri ɗakin inji. Injin ya kai girman bauna, yana ƙyalli, babu ɗigon baƙin mai ko ɗaya a ƙasa.

"Yana shan mai?" in ji Fikri.

"Wannan? Na rantse da gemuna, na manta rabon da in zuba masa."

"Lalacewa fa?"

"Tun bayan yaƙi bai nemi makaniki ba. Sai dai kuma, ɗana, tare nake sayar da jiragen biyu. Ka ɗauki Abu Shanab, Tsohuwa kyauta ce."

Fikri ya yi murmushi. Kyauta! Mai jakin nan ma da kyautar linzami ya fara.

Aka fita gwaji. Hajiya Zakiyya, matar Rayyis, ta tattara zanenta ta shige cikin Tsohuwa, wai ba ta son rana. Ƙanen Rayyis ya sauka cikin Abu Shanab don hura wuta, ba da daɗewa ba bututun ya fara fitar da hayaƙi mai kauri, mai ƙamshin da ya sa Fikri jin yunwa. Ya riƙe sitiyari, ya tura sandar gudu gaba. Rayyis ya leƙa ta taga ya daka tsawa, "Gaba!" Katakon ƙasa ya ɗauki rawa, ruwa ya dare, itatuwan dabino suka fara wucewa.

Fikri ya ja sandar baya. Rayyis ya sake leƙawa, "A hankali!" Gudu ya ragu.

"Me ya sa kake maimaita duk abin da na yi?"

"Sabo ne, ɗana. Mutanen ruwa ba ma aiki shiru."

Daɗi ya cika Fikri har ya rasa inda zai sa kansa. Ga shi yana jan jirgin dako da kajinsa kamar mai jan ɗan akuya. Ƙanen Rayyis ya hauro da faranti cike da gasasshen kifi, suka ci da burodi a tsaye. A nan aka koma ciniki.

"Abu Shanab kaɗai nake so."

"Haba Usta Fikri, ba a raba su. Ka ji tausayin kanka."

"Ka ji tausayin naka kan, Baba. Ka ga na yi kama da mai kwashe shara? So kake ka huta da ruɓaɓɓen katako, ni in gaji kajinka da ɓerayenka."

"Don Allah ka ɗauka. Har rage maka zan yi in ka ɗauka."

Wannan ya tabbatar wa Fikri da zarginsa. Wa ke rage kuɗi don a karɓi kyautarsa, in ba mai mugun nufi ba? Ya kafe. Rayyis ya roƙe shi da girman iyayensa, ya roƙe shi da gishirin da suka ci tare yanzu-yanzu. Daga ƙarshe tsohon ya ɗaga hannu sama.

"Ku shaida, sau nawa na ba shi."

Suka haɗa hannu, aka karanta Fatiha. Bayan Fatiha kuwa ba a komawa, ko da ciniki ya zama na gawa.

Daidai nan suka karyo kwanar gada. Can a bakin ruwa ga Nawal da ƙannenta, da rabin abokan cinikin shagon aski, an zo ganin Fikri ya zama sabon Rayyis, wato shugaban jirgi. Fikri ya gyara hula. Ba zai isa gaban matarsa da wannan tarkace a kafaɗarsa ba.

"A kwance igiya!"

"Nan? A tsakiyar ruwa?"

"Jirgina ne ko naka?"

Rayyis ya sumbaci goshinsa kamar mai ta'aziyya, ya tsallaka cikin Tsohuwa shi da ƙanensa, suka kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Fikri ya ɗaga wa Nawal hannu, ya tura sandar gudu har ƙarshe.

Rawar katakon ta ɗauke. Abu Shanab ya tsaya shiru, ya fara juyawa a hankali yana ba wa Nawal baya. Tsohuwa kuwa ta wuce gaba da kajinta tana gurnani, Hajiya Zakiyya ta leƙo daga ɗakin injinta da baƙin mai har gwiwar hannu, tana tambayar mijinta ko ta rage wuta, tunda yau dai sun sauke kayan da suke ja tun bayan yaƙi.