Keken da Ya Koma Ƙurya

Ranar Litinin da safe Anti Babba ta shigo shagon ɗinki ta tarar da gefen damanta wayam. Keken Ƙarama, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana jingine da nata, ya koma can ƙurya kusa da teburin guga, inda zafi ke dafa mutum da ransa.

"Can ya fi haske, Anti," in ji Ƙarama, ba ta ko ɗago kai ba. Ƙuryar kuwa ko taga babu.

Ba ciki ɗaya suka fito ba, amma coci ɗaya suke zuwa, benci ɗaya suke zama, da rana kuma kwano ɗaya suke sa hannu. Kullum kafin a sa zare a allura Anti Babba takan kawo abin da take kira batun addu'a: mijin wance ya daina kwana a gida, 'yar mai kaɗa gangar coci riga ta fara matse ta. Takan warware labarin daki-daki, har da wanda ya gani da wanda ya ji, don a san abin da za a roƙa. Sau da yawa aiki kan taso kafin a kai ga addu'ar.

Yanzu wa za ta gaya wa? Ga Ƙarama can tana raba abincinta da mai guga, wata sabuwar yarinya mai jan baki da zaƙo-zaƙon farce, wadda ƙafarta ba ta taɓa taka coci ba. Daga safe har yamma kunnenta a toshe yake da igiyar waya, Allah kaɗai ya san irin waƙoƙin da take sha. Kishi ya ci Anti Babba har ta yanka hannun riga biyu duk na hagu.

Abin da ya fi ƙona mata rai, jiya-jiya Fasto ya yi wa'azi a kan nisantar duk abin da ke janye mai bi daga Ubangiji. Ya ce kowa ya duba inda yake zama da abin da yake saurara. Tare suka ce amin ita da Ƙarama. Ashe maganar ta bayan kunnen Ƙarama ta bi.

Ranar Laraba Anti Babba ta taka har ƙuryar da wani zazzafan batun addu'a a kan matar magatakardan coci. Ƙarama ta danna keke da ƙarfi har ƙararsa ta haɗiye maganar. Anti Babba ta dawo wurinta, ta tara sauran teloli ta ce su sa Ƙarama a addu'a, ta faɗa hannun 'yar duniya. Ta kuma yi musu bayani yadda ya kamata.

Da aka yi sati biyu, haƙurinta ya ƙare. Ta bari Ƙarama ta fita sayo zare, ta je ta tsaya a kan mai guga.

"Ke, cire wannan abin ki ji ni. Ki fita harkar ƙanwata. Mu masu bi ne."

Yarinyar ta ajiye dutsen guga, ta zare igiyar daga kunnenta. "Anti, ni fa ban kira ta ba, ita ta jawo kekenta. Ban da gaisuwa da abincin rana ba abin da ke haɗa mu. Ni ba na iya hira a bakin aiki."

"To uban me ta zo yi wurinki?"

"Na tambaye ta ran da ta dawo, sai ta fashe da kuka. Ta ce Fastonku ya ce a guji inda ake faɗawa zunubi, ita kuma shekara goma sha ɗaya a gefenki, ba ranar da ta taɓa kai ƙarfe tara na safe ba ta ci naman wani ba."