Ranar da Aka Fitar da Kayan Deok-su

Ƙarfe goma daidai ma'aikacin kotu ya ƙwanƙwasa ƙofar, ko da yake a buɗe take. Bang Deok-su na zaune a bakin katifa sanye da rigar fita, kamar mai jiran mota.

"Kai ne Malam Bang? An ba ka mako biyu."

"An ba ni."

Ma'aikacin ya ɗaga hannu, leburori huɗu suka shigo da kwalaye. Mai fasa kwaɗo da aka ɗauko ya koma gefe yana hura tafin hannunsa saboda sanyi, don babu aikin da zai yi.

Ɗaki ɗaya ne tal, a saman rufin wani gida mai hawa biyu a wata tsohuwar unguwa ta birnin Daegu, kusa da tankin ruwa. Nan Deok-su ya tare shekara biyu da suka wuce, bayan masaƙar safa da ya riƙe shekara ashirin ta durƙushe, masu bin bashi suka kwashe injuna har da kujerar da yake zama. Yanzu gadin motoci yake yi, ga shekara sittin da uku, ga ciwon suga. In ya bar ɗakin nan ba shi da wurin zuwa sai irin ɗan ɗakin hayar nan mai kama da akurki na bayan tashar jirgin ƙasa, wanda babu taga, kuma mutum ba ya iya miƙe ƙafa sosai.

Mai gidan, Seo Myeong-ja, ba ta tsallake mataki ko ɗaya ba. Da ya daina biyan haya, ta riƙa cirewa daga kuɗin ajiyar da ya bayar ranar kama ɗakin har suka ƙare. Sai wasiƙar gargaɗi ta zo ta gidan waya, da hatiminta da komai, alhali matakala goma sha tara ce tsakanin ƙofarta da tasa. Sai sammaci. Ranar shari'a Deok-su bai je ba. Ya wuni yana gyara famfon tsakar gida da ke yoyo.

Yanzu ga ta ta hawo, hannu a naɗe a ƙirji, ta tsaya a bakin katangar rufin, inda duk layin zai hango ta.

A ƙasa, jingine da wata farar mota, akwai Malam Pyo, ma'aikacin kamfanin da ke bin Deok-su bashi. Wata huɗu ke nan yana sintiri a layin, yana tambayar masu shaguna wa ke hawa wurin wa, wa ke cin abincin wa. Yau ya ɗaga waya yana ta ɗaukar hoto.

"Ku yi sauri," in ji Myeong-ja. "Gobe mai fenti zai zo. Ɗalibi na samu, mai biya a kan kari."

Tagar gidan da ke maƙwabtaka ta buɗe. Kaka Gil-rye mai awara ta leƙo.

"Ke Myeong-ja! A wannan sanyin? Ko kare ba a kora a watan sha biyu. Shi fa? Shi?"

"Iya, in tausayinsa ya dame ki, ba shi ɗaki. Biyu gare ki a rufe, ɓeraye na kwana kyauta."

Tsohuwar ta ja tsaki ta rufe tagar da ƙarfi.

Rabin awa ya isa. Katifa, tukunyar shinkafa ta lantarki, rediyo, buhu guda na safar da ba ta sayu ba. Myeong-ja ta shiga ɗakin ta fito da rigar sanyi mai kauri, ta wurga masa.

"Kwashe tsummanka. Da magungunan nan, kar ka bar min su a kan taga." Ta turo wata robar kimchi, kabejin da ake tsimawa da yaji, da ƙafa. "Wannan ma. Ta cika min gida da wari."

Robar cike take har baki, da ƙyar murfin ya rufu. Deok-su kuwa bai taɓa yanka kabeji ba a rayuwarsa.

Ya sa hannu a takarda. Ya ba ma'aikacin makulli, ma'aikacin ya miƙa mata. Bai iya ɗaga ido ya dubi fuskarta ba, sai ƙafafunta ya kalla: silifas ne kawai, babu safa, yatsunta sun yi jawur. 

"Na gode da zama," ya ce, ya sunkuya.

"Sauka lafiya. Kar in ƙara ganin ka a layin nan."

Muryarta ta kai har titi. Ta ɗan karye a ƙarshe, amma ta rufe da tari.

Ya sauko a hankali, robar a ƙirjinsa. Ya san ba wasa a maganar. Ba zai ƙara taka layin ba, ko ranar sabuwar shekara, ko ranar da ciwo ya kwantar da wani. Muddin bashin na raye, kuma bashin zai fi shi tsawon rai.

Da ya zo wucewa ta gefen farar motar, Malam Pyo ko kallonsa bai yi ba. Waya yake yi.

"Ranka ya daɗe, a rufe maganar gidan nan, nata ne, ba mu da hanyar taɓa shi. Na gani da idona. Sakin na gaske ne. Macen da ke son mijinta ba ta watsa masa kaya a titi."

Deok-su ya gyara riƙon robar ya ci gaba da tafiya, bai waiwaya ba. Tun farko ya san takardar saki kaɗai ba za ta gamsar da masu bin bashi ba; wata uku ya yi yana roƙon matarsa Myeong-ja, tana kuka, kafin ta yarda ta kore shi don gidan ya tsira a hannunta.