Akwatin da Sai an Yi Masa Murmushi

Kwana huɗu da rasuwar mijina, Malam Tanimu, na koma aiki. Kamfaninmu na askirim, Zaƙin Dare, hutun kwana uku suke bayarwa. Ka ƙara ɗaya, keken aikin da suka ba ka ya tashi da kansa ya koma wurinsu. Ga yara biyar. Ina takaba, ƙarfe ɗayan dare ina yawon kai wa mutane askirim. Allah na gani.

Tun bara akwatin sanyin da ke kan keken ba ya buɗewa sai ka yi wa ɗan gilashinsa murmushi a gaban mai saye. In ya ƙi ka sau uku, ka bar aiki.

A unguwar Nasarawa wata yarinya mai saye ta fito tana hamma. Na duba gilashin. Ya ƙi. Na sake, ya ƙi.

"Haba Mama, ki ɗan saki fuska mana, zai narke."

"Mijina ne ya rasu, 'yar nan."

"Ayya, Allah ya jiƙansa. To... ba wata hanyar buɗewa?"

Wallahi na so in ɗauki dutse in farfasa shi. Saura gwaji ɗaya. Na yi a'uzu billahi, na yage baki kamar mahaukaciya, hawaye na shiga min cikin haƙora.

Akwatin ya buɗe, ya ce, "Madalla, Uwani! Wannan ne murmushinki mafi kyau a watan nan. Mun adana shi."