Kantar da Malama Ta Haɗa

Malamar lissafi ta riƙe injin huda da hannu biyu, ta saita bakinsa kan alamar fensir. Kafinta na tsaye gefe, hannuwansa a aljihu, domin ta hana shi taɓa komai. Kantar littattafanta ce, kuma ta ce ita za ta haɗa abarta.

"Fara huda ɗan siririn rami," in ji shi. "In kika ɗaura sukuru kai tsaye, katakon zai tsage."

Ta huda, ta hure garin katakon, ta ɗaura sukurun har kansa ya shige daidai. Tana ɗagowa ta ga yayanta a bakin ƙofa, yana yi wa kafintan kallon sama da ƙasa.

"Wannan ne kike so Baba ya saurara kan maganar aurenki? Duk karatunki?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ko injin ba ta ajiye ba.

"Yaya, shekara biyu littattafaina na jibge a ƙasa, kowa na cewa haɗa kanta ba aikin mace ba ne. Shi ya miƙo min inji ya ce in gwada. Shi nake so."

Yayan ya matso ya jijjiga kantar da ƙarfi, ko gezau ba ta yi ba. Ya daɗe yana shafa katakon.

"To, ya zo ya ga Baba ranar Asabar," ya ce, ya fita.

Kafinta ya miƙo mata sukuru na gaba, sai ya suɓuce masa ya faɗi. Ta dube shi tana murmushi.

"Malam, yau kuma kai ne sukuru ke suɓuce wa?"