Harshen Goggo

Goggo, yayar babanmu, sabulu take dafawa a unguwar Wuro Hausa, kuma ba ta da ma'auni sai harshenta. In ta tace ruwan toka, sai ta kurɓi kaɗan a ludayi ta tofar. Yadda ya cije ta, haka take sanin man gyaɗan da zai ci.

Wata rana da la'asar, ina ajin farko a sakandare, aka kawo mata soda daga wani kanti a Jimeta, fara fat kamar gishiri. An ce ta fi toka sauri. Ta zazzaga a ruwa ba awo. Kwanon ya ɗau zafi alhali ba wuta ƙarƙashinsa, wani wari mai shaƙe maƙogwaro ya taso.

A makon nan malamin kimiyya ya sa muka rubuta cewa abin da ba a sani ba aunawa ake yi, ba a kai shi baki. Maganar tana kan harshena. Amma a gidanmu yaro ba ya gyara wa babba.

"Ɓingel, yarinyata, matso ki ga yadda ake yi," in ji Goggo. Ta ɗaga ludayin.

Ko ihun kirki ba ta iya yi ba. Wata guda kunu ma da hawaye take haɗiye shi.

Har ta rasu ba ta ƙara jin ɗanɗanon komai ba. Kullum ta ɗora miya sai ta kira ni, ta miƙo ludayi: "Gishirin ya ji?"

Ban taɓa gaya mata na sani ba.