Mai Tallan Katifa

Tallan ya sake kutsowa tsakiyar bidiyon waƙoƙin coci, wani mai furfura yana washe baki yana yabon katifa. Lorraine ta fashe da kuka kamar kullum.

"Kai, wannan mutum ya ishe mu!" in ji ɗanta Wendell, ya jawo kwamfutar gabansa. Tun da ciwon mantuwa ya kama tsohuwar, waƙoƙin nan kaɗai ke kwantar mata da hankali. Amma duk manhajar toshe talla da ya saka, kwana biyu shafin ya gano ta. Ya cire, ya sauya, har ya gaji.

Ran Lahadi dai ya dace. Waƙa ta bi waƙa, babu katifa.

Lorraine ta ƙura wa allon ido har shayinta ya huce. Sannan ta kamo hannun rigarsa.

"Bawan Allah, me ka taɓa?"

"Gyara na yi miki, Mama. Mutumin nan ba zai ƙara damun ki ba."

"Ai mai katifar nan Wendell ɗina ne fa," ta ce. "Shi kaɗai ke leƙo ni a gidan nan."