Koren Ɗigo na Ƙarfe Bakwai

Ƙarfe bakwai daidai ɗigon ya koma kore. Auta tana tsaye a kicin da kofin shayi a hannu, sai da ta zubar da rabi a ƙafarta, ko zafin ma ba ta ji ba.

Bari in yi maka bayani don kar ka ce ɗigo ne kawai. Auta aikin haɗa manhajojin waya take yi a wani ɗan kamfani, tafiyar awa shida daga gidan iyayenta. Da likita ya ɗora Mama a kan maganin hawan jini, sai Auta ta ce ita ce za ta kula da zancen shan magani. Da farko manhaja sosai ta haɗa, irin wadda ake saukewa a girka a waya. Wayar Mama ta ce a'a, ba wuri, hotunan jikoki sun cinye komai, kuma Mama ta rantse ko na wanda ya fito da ido a rufe ba za a goge ba. Shi ne Auta ta mayar da abin shafin yanar gizo. Ba saukewa, ba girkawa, ba kalmar sirri. Adireshi kawai ta tura, ta koya mata ta waya yadda za ta maƙala shi a fuskar waya ya zauna kamar manhaja. Madanni ɗaya ne a ciki, ƙato, an rubuta NA SHA. In an danna, ɗigo ya koma kore a kwamfutar Auta.

Wata goma sha ɗaya ɗigon nan bai taɓa fashi ba. Bakwai cif. Har Auta tana yi wa abokan aikinta dariya, wai matar da ba a taɓa gama shiri da ita a kan lokaci ba, ga shi fasaha ta gyara ta. Hutu biyu ta ɗaga zuwa gida saboda aiki. To me za ta je dubawa? Kore ne.

Yau sati uku da rasuwar Mama.

Kuma wayar Mama tana cikin jakar Auta, a kashe. Ita da kanta ta ɗauko ta daga gefen gadon asibiti.

Ranar farko da ta lura, ta ce matsala ce daga wajenta. Ta zauna a ofis ta bi layukan da ta rubuta ɗaya bayan ɗaya, har abokin teburinta ya ce ko kuɗin cizo take nema a ciki. Babu komai. Babu abin da ke danna kansa. Yatsa ne ke taɓa madannin, kullum da safe.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Wa ma za ta faɗa wa? Yayanta? Ai tun a asibiti suka ɓata. Likita ya ce jinin ya hau irin na wanda ya daɗe rabonsa da magani, Yaya ya juyo ya kalle ta ya ce, “Kin bar tsohuwa da waya, ke kina can.” Auta ta buɗe kwamfuta a nan barandar asibitin, ta nuna masa jerin koren nan, kwana ɗari uku da wani abu, ba gurbi ko ɗaya. Ta ce likitan ne bai san aikinsa ba. Wannan jerin shi ne abin da take rufe ido da shi tun ranar. In ta tuna hutun nan biyu, sai ta buɗe ta ƙirga.

Yanzu jerin yana ƙaruwa, mai shan maganin kuwa tana ƙasa.

Ta fara ramewa. Bakwai saura kwata tana gaban kwamfutar tana jira. Sau biyu ta kai hannu za ta rufe shafin gaba ɗaya, sau biyu ta fasa. In Mama ce fa? In ta zo dannawa ta tarar an kulle?

Ƙarshe dai ta ɗauki hutun da ta ƙi ɗauka Mama na da rai, ta tafi gida.

Washegari da safe ta shiga ɗakin Mama. Gadon a gyare, ɗankwalinta har yanzu a rataye jikin ƙofar durowa. Ta zauna a bakin gado, ta ɗora kwamfutar a cinya, ta riƙe matacciyar wayar gam da hannu biyu. Ta ce a ranta, in ke ce, ga ni na zo.

Bakwai ta buga. Kore.

Daga falo kuma ta ji Baba ya yi gyaran murya, ya ce, “Yauwa.”

Ta fito falon. Yana kujerarsa ta kullum, tabarau a kan hanci, tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi a hannu. Ƙaton madannin nan ya cika fuskar wayar. Sai a lokacin abin ya faɗo mata: adireshi ne fa, kowace waya ce ta samu, buɗewa zai yi, bai san hannun kowa ba.

“Baba… kai ne kake dannawa tun da ta rasu?”

Ya ɗago ya kalle ta ta saman tabarau, kamar ta tambaye shi sunansa.

“Tun da ta rasu kuma? Ai tun satin da kika turo abin nan ta ce maganin na sa ta jiri, ita ta gama da shi, ni in riƙa danna miki kullum don hankalinki ya kwanta ki yi aikinki. To har ta tafi ba ta ce in daina ba, Autana.”